Aure Ya Mutu, 'Ya'ya Suna Nan



Ranar ɗaurin aure a ƙasar Hausa ba a rasa manya. Waliyyin ango na nan, waliyyin amarya na nan, liman na nan, shaidu sun cika harabar masallaci, ana faɗar sadaki da ƙarfi kowa ya ji, lakadan ne ko ajalan. Ranar da auren ya mutu kuwa, 'yar takarda ce a ninke, a ajiye a kan gado ko a ba yaro ya miƙa, yanzu ma har ta saƙon waya ake yi. Babu wanda ke zama ya ce, to yaran nan uku a wurin wa za su kwana? Wa zai biya makaranta? In ɗaya ya tashi da zazzaɓi cikin dare, wa za a kira? Sai a bar mace da tsohon mijinta, mutum biyu da ransu ke tafasa, su laluɓo hanyar renon 'ya'ya su kaɗai. Kuma abin da nake gani a unguwanninmu shi ne, in an samu hanyar, galibi macen ce ta laluɓo ta, da haƙurinta da dabararta, ba tare da kowa ya ce mata sannu ba.

Mun daɗe muna maganar zawarawa a Kano. A farkon 2009 Hajiya Altine Abdullahi, shugabar ƙungiyar zawarawa da marayu, ta shirya fito da zawarawa kan titi su nuna halin da suke ciki, Hisba ta hana. A 2012 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso, ta hannun Hisba ƙarƙashin Malam Aminu Daurawa, ta fara aurar da zawarawa, aka soma da mata 100. A watan Oktoban 2023 an sake ɗaura auren gata na ma'aurata 1,800, 'yan mata da zawarawa. Aikin alheri ne, Allah ya saka. Sai dai hankalinmu duk yana kan yadda bazawara za ta samu wani mijin. Yaran da ta fito da su daga gidan farko, da uban da ya haife su, wanda yake nan da ransa a unguwar gaba, ba kasafai suke shiga lissafinmu ba.

Bari mu fara da abin da shari'a ta ce, don a nan ne mutane da yawa suke tafka kuskure suna zaton addini suke bi. A mazhabar Malikiyya, wadda da ita alƙalanmu ke hukunci, da littattafan da malamanmu suka sha karantarwa a zaure, Risala da Muhtasar da Tuhfa, uwa ce ke da haƙƙin riƙon yaro bayan rabuwa. Namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta yi wani auren da wanda ba muharramin yaron ba, riƙo ya koma ga kakarsa ta wajen uwa, sannan innarsa 'yar'uwar uwa, kafin a gangaro kan dangin uba. Shi kuma uba, ci da sha da sutura da wurin kwana duk suna wuyansa, ko da yaron ba ya gidansa. Yana da haƙƙin duba ɗansa, ya ladabtar da shi, ya sa shi makaranta, amma kwana a wurin mai riƙo ne. Walicci kuma nasa ne. Ku lura da yadda aka raba aikin: an raba shi ne ta yadda dole sai mutanen nan biyu sun riƙa magana. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ma ta sa yaye ya zama da yarda da shawarar su biyun, ta kuma hana a cutar da uwa ko uba ta hanyar ɗansu. Aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ɗora wa uba ladan shayarwa bayan saki, ta umarce su da yin shawara cikin kyautatawa.

Akwai wani labari a Muwaɗɗa ta Imam Malik da nake so kowane magidanci ya riƙe. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya rabu da wata matarsa mutuniyar Madina, uwar ɗansa Asim. Wata rana ya je Ƙuba, ya tarar da yaron yana wasa a farfajiyar masallaci, sai ya kama damtsensa ya ɗora shi a kan abin hawansa zai tafi da shi. Kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa, ta ce ba ta yarda ba. Suka ɗunguma gaban Halifa Abubakar. Umar yana cewa ɗansa ne, tsohuwa tana cewa nata ne. Abubakar ya ce a bar mata yaron. Umar bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Umar fa, wanda ake jin tsoron kwarjininsa, wata tsohuwa ta tsaya masa a kan hanya, aka ba ta gaskiya, ya yi shiru ya sallama. Asim ɗin nan shi ne kakan Umar ɗan Abdul'aziz ta wajen uwa. Riƙon kaka bai rage shi da komai ba, bai kuma raba shi da ubansa ba.

To mu fa? Mu al'adarmu cewa take ɗa na uba ne. Da an yaye yaro sai a aiko a karɓe shi, kamar yadda ake aiko mota a kwashe kayan ɗaki. Wani uban don ƙauna yake karɓa, ban musa ba. Amma wani don kada a ce ya riƙa ba da kuɗi ne, wani kuma don ya ƙuntata wa uwar. Ya karɓa ya jibge wa tsohuwarsa da ƙafa ke ciwo, ko amaryar da ba a yi shawara da ita ba, ko ya sa a mota a kai shi makarantar allo a wani gari yana ɗan shekara shida. Wanda kuma ya bar yaran a hannun uwa, sai ka ji yana cewa, "Tunda ta ce za ta riƙe su, ai sai ta ci da su." Kamar riƙon wani laifi ne da ta yi, yunwa kuma ita ce tarar.

A cikin wannan hali ne mata suka koyi dabaru, kuma dabarun sun cancanci a faɗe su a rediyo don wasu su ɗauka.

Akwai wata mai ɗinki a unguwarmu, 'ya'yanta uku da tsohon mijinta, direban babbar mota ne. A farkon rabuwarsu kullum rigima ce a kan kuɗi. Shi yana zargin in ya ba ta kuɗin makaranta atamfa take saya, ita kuma tana jin zargin ya fi rashin kuɗin ciwo. Sai ta daina karɓar ko sisi a hannunta. Ta je makarantar yaran ta karɓo lambar asusunsu ta tura masa. Ta je wurin mai kantin kusa da gida ta ce ga lambar uban yara, duk wata zai turo maka, ni kuma in ɗebi shinkafa da taliya da sabulu daidai abin da ya turo. In yaro ya yi rashin lafiya, ta ɗauki hoton katin asibiti da takardar magani ta tura masa ta WhatsApp, ba ta ƙara ko harafi a kai. Sakamakon jarrabawa ma haka, mai kyau da marar kyau. Na taɓa jin ta tana waya da shi a bakin shagonta, keke yana tsaye, zare a bakin allura. "Baban yara, ina wuni. An koma makaranta ran Litinin, takalmin ƙaramin ya matse shi. In ka shigo gari ka kai shi da kanka ya gwada." Shi ke nan wayar. Babu tsohon zance, babu gori, babu tambayar ina amarya. Da ta ajiye na ga ta yi ajiyar zuciya ta ɗan jima kafin ta taka keken. Wannan gajeriyar waya ba a banza ta same ta ba, ta haɗiye abubuwa da yawa kafin muryarta ta fito a haka. Ku kuma lura da abin da ta yi a ƙarshe: ba ta ce ya turo kuɗin takalmi ba, cewa ta yi ya zo ya kai yaron. Ta samar wa ɗanta yini guda da ubansa a kasuwa.

Wasu kuma ta hannun mata 'yan'uwan mijin suke bi. Sau da yawa za ka ga aure ya mutu amma zumunci tsakanin matar da uwar mijin ko yayarsa bai mutu ba. Goggon yara ita ce gada. Ita za a kai wa yara ran Juma'a da yamma, uban ya zo can ya gan su, ran Lahadi a mayar. Ita za ta ce wa ƙanenta, "Kai, ka ji tsoron Allah, yarinyar nan ta isa a saya mata hijabi sabo." Maganar da in tsohuwar matarsa ce ta faɗa zai ce raini ne, daga bakin yayarsa sai ya sunkuyar da kai. Na san gidajen da suka raba sallah: ƙaramar sallah a wurin uwa, babbar sallah a gidan uba don yara su ga yankan layya su ci suya da 'yan'uwansu na can. Dogon hutu a raba biyu. Saukar Alƙur'ani a yi walima wuri ɗaya, dangin uwa su dafa, dangin uba su kawo abin dafawa. Babu alƙalin da ya tsara musu wannan. Mata ne suka zauna a tsakar gida suka ƙulla.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma shi ya sa na ɗauko wannan batu, shi ne inda babu goggo, babu waya, sai yaro. Mun mayar da 'ya'yanmu 'yan aike tsakanin iyayen da ba sa ga maciji. Ku shiga Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari a makon da aka koma makaranta, ku duba bakin shaguna. Za ku ga yarinya 'yar shekara tara ko goma, cikin kayan makaranta, ta rakuɓe a jikin ƙofa tana jiran ubanta ya sallami masu saye. Ta gaishe shi a durƙushe, ta ce, "Baba, Mama ta ce kuɗin jarrabawa." A gaban yaran shago da maƙwabta zai ce, "Je ki gaya wa uwarki ba haƙo kuɗi nake ba." Yarinyar nan za ta hau adaidaita sahu ta koma, kuma a hanya za ta gyara saƙon. In ta isa gida cewa za ta yi, "Ya ce sai jibi." Ta san in ta faɗi yadda aka faɗa mata, uwarta za ta yi kuka ko ta yi zagi, ita kuma ba ta son jin ko ɗaya. Yarinya 'yar shekara tara tana yin ƙarya don ta kare iyayenta daga junansu. Wannan nauyi ba nata ba ne, kuma duk wanda ya ɗora mata, uwa ce ko uba, ya zalunce ta.

Me ya kawo haka? Kunya ce da muka sa a inda ba wurinta ba. Muna ganin in bazawara ta kira tsohon mijinta, to kome take nema. In ta yi aure, sabon mijin ya ce bai yarda ta ji ko muryarsa ba. Shi ma can amaryarsa tana duba wayarsa. Kishi halitta ne, kuma gaskiya ne bayan idda mutanen nan sun zama bare ga juna, akwai iyakar da shari'a ta sa. Amma iyakar ba ta hana maganar maslahar yaro ba. Mijin da ya auri mace mai 'ya'ya ya san da su ya aure ta. In ba ya son ta yi waya a keɓe, ta yi a gabansa, ko shi ya karɓi aikin, ya kira uban yaran su yi magana ta maza. Na ga inda aka yi haka, har mutanen biyu suka zama suna gaisawa a masallaci, agolan gidan kuma ya tashi ba ya jin shi bare ne a ko'ina.

Ba zan rufe ido a kan laifin iyaye mata ba. Akwai wadda ke zaunar da yara tana karanta musu laifin ubansu dare da rana, har yaro ya tashi yana jin rabin jininsa abin ƙyama ne. Akwai wadda in uban ya zo ganin yara sai ta ce suna barci, ko ta tura su maƙwabta. Akwai mai ninka kuɗin magani. 'Yar'uwa, na san an cuce ki, wataƙila fiye da yadda za ki iya faɗa. Amma yarinyar nan da kike riƙo, ranar da masu neman aurenta za su zo, dangin ubanta za su tambaya. Ranar da za ta nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma don shiga jami'a ko neman aiki, garin ubanta za a tura ta. Hanyar da kika toshe yau, ita za ta zo tana neman a buɗe mata, tana baƙuwa a gidan da ya kamata ta shiga ba sallama. Matan da suka fi wayo su ne waɗanda ke shirya yara su kai su gaida kakanni, har su ba su ɗan ƙulli su kai wa matar uba, su koya musu su kira ta Umma ko Anti cikin ladabi. Ba don suna ƙaunarta ba, sai don ita ce za ta zuba wa yaran abinci in sun je hutu. Matan uba na kirki kuma suna nan da yawa, labarinsu ne ba a bayarwa.

In kuwa rabuwar ta biyo bayan duka ne ko barazana, ba na ce mace ta riƙa haɗuwa da mutumin ba. A nan sai ta hannun wakili, ko Hisba, ko kotu, kuma kada kowa ya matsa mata.

Kotu tana da nata aikin. Alƙali yana yanka wa uba abin da zai riƙa bayarwa duk wata, Hisba ma tana zaman sulhu a kan irin wannan kullum. Matsala biyu ce. Ta farko, mace da yawa ba za ta je ba, don kada a ce ta kai uban 'ya'yanta ƙara, kalmar da za a riƙa yi wa yaran gori da ita. Ta biyu, abin da aka yanka ba ya motsi, kasuwa kuwa tana gudu. Kuɗin da aka yanke kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wace uwa ce za ta ce yau yana kai ta inda yake kai ta a da? Ra'ayina shi ne alƙalai su riƙa yanka abinci da mudu, kaza na masara, kaza na shinkafa, kaza na wake, ko ƙimarsu a ranar biya, makaranta da asibiti kuma uba ya biya kai tsaye. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na biyu ya taso da maganar dokar iyali, aka yi ta cece-kuce a kan ƙarin aure, aka bar ɓangaren da ya shafi haƙƙin yara bayan saki, wanda a ganina shi ya fi gaggawa.

Amma tun kafin a kai ga kotu, akwai lokacin da muke ɓarnatarwa. Idda tsarki uku ce, kuma a saki na kome shari'a cewa ta yi mace ta zauna a ɗakinta, ciyarwa na kan miji. Ko an bi wannan ko ba a bi ba, watannin nan sun isa waliyyan ɓangarorin biyu su zauna da liman ko mai unguwa. In gyara ya yiwu, alhamdu lillahi. In bai yiwu ba, kada a tashi sai an rubuta: yara suna wurin wance, uba zai kawo kaza ranar kaza, zai gan su ranar kaza a gidan wane, in ciwo ya zo a kira wane, in uwar ta yi aure riƙo ya koma ga wance. Kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Da wannan takarda, mace ba roƙo take ba in ta kira, tunatarwa take. Uba ma ba alfarma yake nema ba in ya zo ganin ɗansa.

Saura uban da da gaske ba shi da shi. Suna da yawa a wannan zamani, kuma wasunsu kunyar zuwa hannu rabbana ce ke sa su ɓace gaba ɗaya, wata ya zama shekara, shekara ta zama goma. Ɗan'uwa, Allah bai ɗora maka abin da ba ka da iko ba, kuma matan da na sani sun fi jin zafin ɓacewar fiye da rashin. In ɗari biyar gare ka, kai ɗari biyar ɗin ka faɗi gaskiya. In babu, akwai aikin da ba ya cin kuɗi. Ranar da za a kai yaro asibiti, kai ka bi layin karɓar kati uwar ta samu ta yi sana'arta. Ranar taron iyaye a makaranta, je ka zauna a benci a kira sunanka. Kai ka kai shi a yi masa takardar haihuwa da lambar zama ɗan ƙasa. Ran Juma'a ka biya ka ɗauke shi ku tafi masallaci tare. Ka san sunan malaminsa na Islamiyya, ka san a wace sura yake, ka karɓi lambar wayar malamin ka riƙa kira kana tambaya ko yana zuwa.